Tulun Ƙarƙashin Lemo

Shafi na 12

Salamu alaikum ƴan uwa. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in na ƙara kwana biyu za ta zo Filinge ta ƙwace wayar. Ku yi haƙuri. Wurin nan da muka kawo, in na zauna zan rubuta sai idona ya cika. Ku sa mamatanmu cikin addu'a. To, ga shi.

*

Washegarin fitar Habsa daga takaba aka sa bikin. Ƴan ƙungiyar garka ne suka jira ta. Sahabi, da ake kira Mushe saboda shi tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, wanda ya gaji mijinta Manzo a shugabancin ƙungiyar, ya rantse ba za a kafa allon sunan Manzo ba alhali matar Manzo tana zaune a ɗaki.

Tun da hantsi Garkar Kumandan ta cika. An share ƙarƙashin mangwarori, an shimfiɗa tabarmi, an aro kujeru. Garkar nan tun zamanin Nasara take, kuma kowa a Filinge ya san da ba don Manzo ba, da tuni ta zama wurin ɗaure jakuna. Shi ya tsayar da ita a shekarar yunwa, lokacin soja. Shi ya tara mutanen da ke zuwa aikinta duk Alhamis don Allah.

Aka zaunar da Habsa a gaba, kusa da liman, Malam Kailu. An riga an kawo wa Malam lemo a faifai, yana ta juya guda ɗaya a hannu yana shinshinawa.

Sahabi ya sunkuyo.

"Inna Habsa, kin ga wurin? Gindin tsohon lemon can za mu kafa allon. Nan marigayi yake zama."

"Nan yake ɓuya dai," in ji Habsa. "In na aiko a ce tuwo ya huce, sai ya ce a gaya mini shawara suke da lemo."

Mata suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, amma sai da ta kai bakin mayafi ido.

Sahabi ya karɓi mikoro ya shiga jawabi. Ya yi ta yabon abin da suke kira dabarar Manzo: a binne tulu har wuya a gefen ƙaramin icce, a cika shi da ruwa, a rufe bakin. Tulu ya dinga zufa cikin ƙasa, saiwa tana sha a hankali har kwana da kwanaki. Ya ce har ƴan furoje, ma'aikatan raya karkara, sun zo daga Yamai sun ɗauki hoto. Ya ce a kan allon an rubuta: Manzo, uban garka, mai dabarar tulu.

Habsa ba ta jin rabin abin da yake faɗa. Idonta ya riga ya faɗa kan wata tsohuwa da ke tsaye bayan shinge, ta dogara da sanda.

Tanne.

Ƴar Azna ce, ƴar bori, daga ƙauyukan Kurfai aka kawo ta aure unguwarsu. Da can ita ce ƙawar Habsa ta ƙut da ƙut, turmi ɗaya suke daka. Yau shekara talatin ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

"Wa ya gayyato waccan?" Habsa ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ba kowa," in ji wata ta bayanta. "Ai ba ta shigowa. Kullum daga nan take tsayawa."

Can gindin lemo, Hamidu magini yana haƙa ramin ƙarfen allo. Ya ɗaga dagi ya caka. Ya sake.

Ƙwal!

"Mushe! Akwai abu a nan."

Sahabi ya katse jawabi. Maza suka taru, Hamidu ya durƙusa yana tone da hannu. Ya daɗe kafin ya ciro shi, don saiwoyi sun naɗe shi kamar yatsun da suka ƙi saki.

Tulu ne. Tsoho, baƙi, dagi ya tsaga masa gefe. An kife masa kasko a baki.

"Wanga ba irin namu ba ne," in ji Hamidu. "Namu bakinsu a waje yake. Wanga an ɓoye shi, kamu guda ƙarƙashin ƙasa."

 Sai wata mata ta ce, "Tulu a binne, baki a ruhe? Allah shi tsare mu. Kada dai sammu ne."

Malam Kailu ya daina shinshina lemon.

Habsa kuwa ta riga ta miƙe.

"Kawo nan."

"Inna, bari a duba tukuna..."

"Na ce kawo!"

Ta karɓa, ta share wuyansa da bakin sabon zanenta. Ƙasa ta zube. Ga su nan: shatar babban yatsa uku a jere, da ɗan zanen tsinke a ƙarƙashi.

Ta sa yatsanta cikin shatar. Ya zauna daidai.

Hannun innarta ne.

Innarta mai ginin tukwane ce a Damana. Tuluna bakwai ta gina mata da za a kawo ta gidan Manzo. A shekarar yunwar nan tsohuwar ta rasu, Habsa ta tafi zaman makoki. Da ta dawo, ko ɗaya ba ta tarar a ɗaki ba. Maƙwabta suka ce sun ga Tanne da sassafe tana fita da tulu a ka. Habsa ta je ƙofar gidanta, gaban unguwa duka, ta kira ta ɓarauniya mai sace kayan marainiya. Tanne ba ta ce uffan ba. Manzo kuwa abin da ya iya cewa kawai, "Ki yi haƙuri."

Habsa ta rungume tulun a ƙirji, ta ratsa mutane, ta nufi shinge. Ba wanda ya bi ta. An san halinta.

Tanne ba ta motsa ba.

"Sannu da hita, matar Manzo. Allah shi jiƙan shi."

"Mi wanga yake yi a gindin lemon mijina?"

"Kai. Shekara talatin ban ji muryar nan kusa ba, kuma ba ta yi laushi ba."

"Tanne, ba wasa na zo ba."

"Na sani. Ke da wasa sai in kin ƙoshi."

"Ke kika ɗauke su?"

"Ni na ɗauke su."

"Duka bakwai?"

"Duka. Ɗaya-ɗaya, kwana bakwai. Na ƙarshen ya kusa karya mini wuya, don uwarki ba ta tsimin yumɓu."

Habsa ta ƙara matse tulun.

"Kika kawo nan?"

"Shi ya haƙa, ni na binne."

"Shi wa?"

"Wa kike da shi?"

Habsa ta jingina da iccen shinge. 

"Ƙarya kike."

"To. Wa ke da makullin ɗakinki ran nan? Aljanina?"



Tanne ta gyara tsayuwa a kan sandarta, ta rage murya.

"Kin manta shekarar? Rijiya ta koma ƙasa, guga na dawowa da laka. Sojan da ke riƙe da gari ya sa aka yi shela: ruwa na mutum ne da dabba, wanda aka kama shina ba icce ruwa, sai jandarmomi. Kuma gaskiyarsa. Mutane na mutuwa."

"Ban manta ba."

"Na wuce nan zan tahi itace, na tarar da mijinki zaune gindin lemon nan shina kuka. Namiji da gemu. Lokacin iccen ya zubar da ganye, saura ƙiris. Na ce, Manzo, wa ya mutu? Ya ce, kowa. Na ce, to tashi, kuka ba ya jiƙa saiwa."

Duk da abin da ke ranta, sai da bakin Habsa ya motsa. Ta ji muryarsa. Haka yake, kaza ma in ta mutu sai ya ƙi cin tuwo.

"Na gaya mishi yadda ubana ke yi wa tabarsa a ƙauye da rani. Tulu cikin ƙasa. Ba a ganin danshi a sama, ba mai cewa an ba icce ruwa. Kuma ba ruwan sha muka zuba ba. Ruwan wanke-wanke, ruwan wankin gero, wanda za a watsar a ƙofar gida. Ni ke bin gidaje ina cewa na akuyata ne."

"Dabarar Manzo," in ji Habsa a hankali.

"Haka suka ce."

"To don mi nawa? Tuluna sun ƙare a Filinge?"

"Mun gwada na kasuwa. An ƙona su sun yi tauri awa ƙarfe, ba su zufa. Na uwarki kaɗai ke zufa yadda ake so. Ba ki tuna yadda ƙasan ɗakinki ke jiƙewa, kina zagin su kina cewa masu hitsarin kwance?"

Habsa ta yi wata irin dariya da ta koma kuka tun kafin ta gama fita.

"Da kun tambaye ni."

"Kina Damana."

"Da na dawo fa?"

Tanne ta dube ta sama da ƙasa.

"Habsa. Ƙawa. Bakinki da ƙofar kasuwa wa ya hi ruhuwa? Da mun gaya miki da hantsi, kahin azahar jandarma na ƙofar gidanki. Ba don mugunta ba. Yabon mijinki za ki yi a bakin rijiya, ki kai shi gidan kaso."

Habsa ta buɗe baki za ta yi musu. Ta rufe. 

"Soja sun tahi," ta ce daga baya. "Ruwa ya dawo. An yi zaɓe, an sake yi. Mi ya hana shi magana? Mi ya hana ki?"

"Shi ya so ya yi. Sau nawa shina zuwa ƙofata awa mai neman aure, shina cewa, Tanne ki sake ni in gaya mata. Na ce ka rantse mini da littahinku, rantsuwa kuwa ba ta tsufa."

"Don mi?"

Tanne ta ɗaga haɓa ta nuna taron. Mutane sun yi cirko-cirko a gindin lemo suna leƙen ramin, wasu mata sun janye ɗiyansu baya.

"Dubi can. Tulu ɗaya suka gani, ba su ma san hannun da ya binne ba. To a ce musu ƴar bori ce ta binne bakwai a gindin itatuwan da suke ci. Wa zai sake sa lemon nan a baki? Kahin Juma'a an kawo gatari."

"Tanne..."

"Ɓarauniya ana zaginta a wuce. Mai tsafi itatuwanta ake sarewa. Na duba, na ga sata ta hi sauƙi."

Hawaye ya wanke wa Habsa fuska. Ba ta share ba.

"Na kira ki ɓarauniya gaban ɗiyanki."

"Kin kira. Har kin ƙara da mai idon mujiya. Wanga ya hi yi mini ciwo, don idona shi ne abin da nake da shi mai kyau."

"Da mijinki ya rasu ban zo ba."

"Naki ya zo. Ya ce ke kika aiko shi. Na ce Manzo, ƙarya ba ta yi maka kyau, kunnenka ke motsi."

Habsa ta sunkuyar da kai kan tulun. Wani abu ya faɗo mata.

"Kwandon lemon farko. Duk shekara sai ya ce na sadaka ne, ya ɗauka da kansa ya hita."

"Ya iso. Shekara talatin bai taɓa latti ba. Bana ne kawai."

Nan ne ƙirjinta ya tsage. Ta tuna ranar Manzo ta ƙarshe, da la'asar, kansa a kan cinyarta, numfashi yana yi masa wuya. Ya kama hannunta ya ce, "Habsa, tulunan nan naki..." Ita kuwa ta rufe masa baki da tafin hannu ta ce, "Bar zancen ɓarauniya, yi salati."

Ya yi salatin. Bai ƙara cewa komai ba.

"Ya so ya gaya mini," ta ce. "Ni na hana shi. Ni da bakin nan."

Tanne ta zuro hannu ta cikin shinge, ta dafa mata kafaɗa. Hannun ya bushe, ba nauyi, amma Habsa ta gane shi. Shi ne ya riƙe ta ranar haihuwar fari.

"Ya isa. Ya sani kin yafe. Ni ma na daɗe da yafewa, ina jiran ki gaji ne kawai. Ban san ke ba ki gajiya ba."

Daga can mikoro ya yi ƙara.

"Inna Habsa!" Muryar Sahabi ce. "Don Allah ki taho. Malam na da tambaya."

Tanne ta damƙe kafaɗar.

"Ji nan. Ki ce naki ne. Ki ce shi ya ɗauka, shi ya binne don tsoron soja. Ba ƙarya ba ce, rabin gaskiya ce. Su yi dariya, su kafa allonsu, kowa ya tahi gida."

"Ke fa?"

"Ni mi? Allo zan ci? Ko karatu na iya?"

"An rubuta mai dabarar tulu."

"A bar mishi. Ya sha wahalarta. Ni kwana bakwai na yi, shi shekara talatin."

"Na ɗora miki ƙarya ɗaya, kin ɗauka har kin tsufa. Ba zan ƙara miki ta biyu ba."

"Habsa, lemon nan shi ne abin da ya bari. Kada ki kashe mishi da bakinki."

Habsa ta zame kafaɗarta. Ta juya da tulun a ƙirji.

"Habsa! Ke, mai kunnen ƙashi!"

Ba ta waiwaya ba.

Mutane suka dare mata. Ta wuce ramin, ta wuce allon da aka jingine a jikin mangwaro an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Sahabi ya miƙa mata mikoro, ya ga hannunta biyu a cike, sai ya riƙe mata a baki.

"Tulun nan nawa ne," ta ce. "Innata ta gina shi. Ga yatsanta. Ba sammu a ciki, ruwan wankin gero ya sha. Akwai sauran shida ƙarƙashin itatuwan nan, su suka riƙe garkar nan a shekarar yunwa."

Aka yi ajiyar zuciya. Wani ya ce Allahu akbar. Sahabi ya washe baki.

"Kun ji ko? Manzo kenan! Har kayan ɗakin matarsa..."

"Mushe, ban gama ba. Allon nan kada a kafa shi yau. A kira mai fenti. Akwai sunan da ya rage."

Murmushin Sahabi ya tsaya a rabi.

Malam Kailu ya gyara zama. Mutum ne mai sanyin magana, shi ya yi wa Manzo salla, kuma in ya ce a sare icce a Filinge ba mai cewa a bari.

"Habsa, baiwar Allah. Tuluna naki ne, mun ji. Amma unguwa duka ta san hannun da aka gan su a ciki shekarar nan. Tambaya ɗaya zan yi, ki ba ni amsa don Allah. Wa ya binne su?"

Habsa ta buɗe baki.

Idonta ya sauka kan lemon. Ga gurbin da bayan Manzo ya goge a jikin iccen, ya yi santsi. Ga ƙusar da yake rataya hula. Ga ƴaƴan bana sun yi nauyi har reshe ya sunkuyo, ba wanda ya ɗebi kwandon farko.

Tun da uwarta ta haife ta, magana ba ta taɓa maƙale mata a wuya ba. Yau ta maƙale.

"Habsa?" in ji Malam.

Ƙyauren garka ya yi ƙara.

Kowa ya juya.

Sanda ce ta fara shigowa. Sai ƙafa ɗaya, ba takalmi, ta taka ƙasar da rabonta da ita shekara talatin.

"Bar ta, Malam. Yau ɗaya bakinta ya ruhu, kada ku ɓata mata."

Tanne ta shigo da ɗaya ƙafar.

"Ni ce."

Malam Kailu ya dubi lemon da ke hannunsa. Ya dubi Tanne.

Sannan ya miƙe tsaye.